In An Ba Ka Minti Biyar a Gaban Manya

 Yau ba zancen taki ko maganin ƙwari na kawo muku ba. Zancen baki ne, watau yadda mutum zai miƙe tsaye a gaban jama'a ya faɗi abin da ƙungiyarsa ta aike shi ya faɗa. Na daɗe ina so in rubuta wannan, kunya ce ta hana ni, gama labarin da zan fara da shi akwai laifina a ciki.

Dukanmu muna tune da daminar 2023, sa'ad da cuta ta faɗa wa citta a ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ganye ya yi rawaya ya ƙone, aka tona ƙasa aka tarar citta ta ruɓe tana wari. Wanda bai taɓa noman citta ba ba zai gane zafin abin ba. Mai masara in gonarsa ta lalace yana iya sayen 'yan mudu na iri ya sake shuka. Citta kuwa ita ce amfanin, ita ce kuma irin, buhu-buhu ake binnewa a ƙasa. Saboda haka wanda tasa ta ruɓe ya yi hasara biyu, ta bana da ta baɗi.

Da rani ya yi, aka aiko mana cewa waɗansu baƙi za su zo daga birni su ji damuwar manoma, kowace ƙungiya kuma za a ba ta minti 5. Shugaban wata ƙungiya da nake aiki da ita, dattijo ne mai mutunci, ya ce mini, "Malam, kai ne ka yi makaranta, rubuta mana abin da za mu faɗa." Na ji daɗin girman da ya ba ni. Na zauna da dare na cika shafi 3 da Turanci mai nauyi, irin wanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Ban tambayi ko mutum ɗaya cikin ƙungiyar abin da suke so a roƙa musu ba. Ban kuma sa Baba ya karanta mini in ji ba. Da safe na miƙa masa takarda a bakin rumfa.

Baba ya fara karatu, bai kai layi na uku ba Turancin ya sarƙe shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma Hausa. Ya gai da hakimi, ya gai da dagaci da masu unguwa, ya gai da Rabaran, ya gai da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su gajiyar hanya da lafiyar iyali. Ya ba da tarihin yadda aka kafa ƙungiya. Sa'an nan ya shiga jerin damuwa: hanya, gada, ɗakin shan magani, rufin makaranta, rijiyar burtsatse, ɓarnar shanu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Mai gabatarwa ya nuna masa agogo, Baba ya ce, "A taimake mu," ya zauna. Aka tafa masa ƙwarai. Ni kuwa idona yana kan saurayin da ke riƙe da littafin baƙin. Alƙalaminsa bai taɓa takarda ba. Kalmar iri ba ta fito daga bakinmu ba ko sau ɗaya, alhali kuwa ita ce ta hana mu barci tun kaka.

Bayanmu aka kira wata ƙungiya daga ƙauyen gaba. Wata mama ce ta fito, ma'ajin ƙungiyarsu, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta zo da kwano a rufe. Ta yi gaisuwa ɗaya ta haɗa kowa, ta buɗe kwanon ta ajiye a kan teburin baƙi. Busasshiyar ruɓaɓɓiyar citta ce, baƙa ƙirin. Ta faɗi yawan mutanen ƙungiyarsu, ta faɗi mutum nawa suka rasa iri ɗungum, ta faɗi buhu nawa suke bukata da watan da ya kamata ya iso hannunsu. Ta ce rance suke so, ba kyauta ba, za su mayar da kaka. Muryarta tana rawa, hannunta ma yana rawa. Ba a tafa mata kamar yadda aka tafa wa Baba ba. Amma saurayin nan ya cika rabin shafi, babban baƙon kuma ya yi mata tambaya biyu. Kada in yi muku ƙarya, abin da suka samu daga baya bai kai abin da suka roƙa ba, ya kuma zo a makare. Mu ba mu sami ko amsar ƙi ba, domin ba mu roƙi kome ba.

Tun daga ranar nan na daina rubuta wa kowa jawabi. Ra'ayina shi ne, manomi shi zai yi maganar manomi, da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa, magana kuma aiki ce da ake shiryawa kamar yadda ake sharar gona kafin ruwa ya sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fasto yana da nasa aiki, malamin gona yana da nasa. In kullum su ne bakinku, ranar da aka yi musu canjin wurin aiki ƙungiya ta zama bebiya.

Na san abin da waɗansu za su ce: "Malam, baki baiwa ce, ni ba a ba ni ba." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, wani tun yana yaro bakinsa a sake yake. Musa ma ya kawo wannan hujja, kamar yadda muke karantawa a Fitowa sura 4, aka kuwa haɗa shi da Haruna, amma ba a fasa aikensa ba. Sa'ad da nake kwalejin horon malamai na ga abin da ya ƙara tabbatar mini. Ba a yarda ɗalibi ya shiga aji koyarwar gwaji sai ya nuna takardar shirin darasi, a samanta kuma tilas ya rubuta abu ɗaya da yake so yara su iya in an buga ƙararrawa. Masu zaƙin baki cikinmu su suka fi raina wannan takarda, su ne kuma sukan yi minti 40 suna ba yara dariya, a tambayi yaran abin da suka koya su yi shiru. Wani abokina mai in'ina ya fi mu duka iya koyarwa, domin tsoro ya sa shi shiri.

To, shirin yana farawa ne da tambaya ɗaya, kuma ba mai magana kaɗai zai amsa ta ba, ƙungiya ce duka: in baƙon nan ya shiga motarsa ya manta da kome sai abu ɗaya, wane abu muke so ya tuna? Ku kira taro mako ɗaya kafin ranar. Za a yi gardama. Wanda gonarsa ke hayin rafi zai ce gada, mai jego za ta ce ɗakin magani. Bari a yi gardamar a gida, a cikin majami'a ko gindin mangwaro, a gama ta. Ku dubi kuma wanda zai zo. Mai kula da aikin gona ba ya gina gada, kansila ba ya sauke farashin taki. In kun roƙi mutum abin da ba ya hannunsa, kun ba shi hanyar kuɓuta ke nan, zai ce zai isar da saƙo, shi ke nan. Sauran damuwa a rubuta su a takarda a ajiye wa masu su. Wanda ya jera bukata 10 ya ba baƙo damar zaɓen wadda ta fi araha, ko ya bar su duka.

Ina roƙonku ku karanta Nehemiya sura 1 da 2 a taronku na gaba, ku karanta da idon manomi mai neman rance. Nehemiya mai shayar da sarki Artashate ne a Shushan. Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki a gaban sarki ba sai a watan Nisan, wajen wata 4 ke nan. Mun saba cewa addu'a yake yi a wannan lokaci, haka ne kuwa. Amma ku lura da abin da ya fito daga bakinsa sa'ad da sarki ya tambaye shi bukatarsa. Ya roƙa a aike shi Yahuza ya sake gina birnin. Aka tambaye shi tsawon tafiyar, ya yanka lokaci. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa. Ya roƙi wasiƙa zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katako, ya kuma faɗi abin da za a yi da katakon. Mutumin da ya san sunan mai tsaron kurmi ba a ranar ya fara tunani ba. Littafin bai ɓoye cewa tsoro ya kama shi ƙwarai ba, ya kuma yi gajeriyar addu'a a zuciya kafin ya amsa. Tsoron bai hana shi ba domin lissafinsa yana hannu. Garun nan an gama shi cikin kwana 52.

Lissafi shi ne inda ƙungiyoyinmu suka fi rauni. "Muna da yawa" ba lissafi ba ne. "Mun yi hasara mai yawa" ba lissafi ba ne. Magatakarda ya buɗe littafi a ƙirga: mutum nawa, mata nawa, gona nawa, buhu nawa, nawa ke cikin asusu. Ku kuma daidaita ma'auni kafin ku fita. Ma'aikata da hekta suke lissafi, mu kuwa mun saba da eka, hekta ɗaya kuma ta kusa eka biyu da rabi. Buhun takin zamani kilo 50 ne, buhun da muke zuba masara ko citta ya sha bamban da wannan. In ka ce buhu, ka faɗi wane buhu. Na ga an ba wata ƙungiya abin da bai kai rabin bukatarsu ba, ba don mugunta ba, sai don mai magana yana nufin wani ma'auni, mai rubutu ya rubuta wani.

A nan sai in faɗi wata magana mai ɗaci. Akwai al'adar ƙara lissafi, wai tun da za a rage, bari mu ninka. Har akan sa sunan wanda ya ƙaura da wanda ya rasu. Wannan ƙarya ce, ko da an yi ta da sunan taimakon marayu. Ban da zunubin, wauta ce, gama baƙi sukan aiko a duba, in kuwa an kama ku sau ɗaya, sunan ikkilisiyar da kuke taro a cikinta shi zai ɓaci tare da naku. Magana zarar bunu ce. Faɗi lambar da za ka iya kai mutum gona ka nuna masa.

Ga misalin abin da nake nufi, lambobin na misali ne kawai, ku sa naku. "Ranka ya daɗe, mu mutum 30 ne, 18 mata. Mutum 22 ba su da irin shukawa bana. Mun tara kuɗin buhu 20 da kanmu, saura buhu 40. Muna roƙon rancen buhu 40 kafin ƙarshen watan Maris, domin a watan Afrilu muke shuka. Za mu mayar bayan mun tona, ga sunayenmu a takarda." Ku karanta wannan da ƙarfi ku duba agogon waya. Bai kai minti ɗaya ba. Ku lura kuma ya faɗi abin da ƙungiya ta riga ta yi da hannunta. Mai bayarwa ya fi sakin hannu ga wanda ya tarar ya ɗauko kayansa zuwa gwiwa.

Sai zancen gaisuwa. Kada wani saurayi ya karanta wannan ya je ya tsaya gaban hakimi ya fara da lissafin buhu kamar ɗan kamasho. Wanda bai yi gaisuwa ba ya rufe kunnen mutane tun bai fara ba, ba kuwa tarbiyyar da aka yi mana ke nan ba. Abin da nake ƙi shi ne gaisuwar da take cinye saƙo. Gai da babba cikin masu sarauta da sarautarsa, gai da babban baƙo, ka haɗa sauran iyaye da 'yan'uwa a numfashi ɗaya. In mutum 6 sun riga ka magana sun jera sunayen nan, ba wanda zai ji haushi in ka gajarta. Yabo ma haka. Godiya a kan abin da aka yi muku da gaske tana da kyau, a faɗi abin da sunansa. Amma kirarin da ake yi wa mutumin da bai taɓa taka ƙauyenku ba, shi kansa ya san na roƙo ne, ya ji irinsa a ƙauyuka 3 kafin ya iso naku.

Wata matsala tamu ce ta musamman, mu 'yan ikkilisiya. Yawancinmu a majami'a muka koyi tsayawa gaban jama'a, saboda haka da mun riƙe abin magana sai muryar wa'azi ta zo, a ɗaga murya, a maimaita, a jira a ce amin. Wa'azi yana da wurinsa. Amma baƙon da ya zo da littafi ba tuba ya zo yi ba, watakila ma ba addininku ɗaya ba, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna zaune a rumfar, cittarsu ta ruɓe kamar tamu. Buɗe da sunan Allah a taƙaice, ka shiga magana. Game da tsawo kuwa, ku tuna da Aftikos a Taruwasa, wanda barci ya kwashe shi a taga ya faɗo daga bene na uku sa'ad da Bulus ya ja magana har tsakar dare. Bulus ya iya ta da shi. Ni da ku ba mu da wannan tabbaci.

In baƙo ba ya jin Hausa, a nemi tafinta, a kuma zauna da shi tun jiya ya ji lambobin. Mai magana ya riƙa yanka maganarsa gajere-gajere yana tsayawa. Ya sani kuma tafinta zai ci rabin lokacin, minti 5 sun zama biyu da rabi. Wannan ya fi a yi ta kokawa da Turancin aro. Turancin a bar shi a takardar da za a miƙa, a nan ne mu 'yan makaranta za mu yi amfani: shafi ɗaya, sunan ƙungiya, bukata, lambobi, sa hannun shugaba da magatakarda, da lambar wayar da ake samu.

Game da tsayuwar kanta ba ni da dogon bayani. Kada ka haddace jawabi, gama in kalma ɗaya ta ɓace sauran za su bi ta. Rubuta kalma 4 ko 5 da lambobinka da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, wanda bai iya karatu ba ya ƙirga a yatsunsa. Gwada maganar da ƙarfi sau 3, ba a zuci ba: sau ɗaya kai kaɗai a gona, sau ɗaya a gaban iyalinka, sau ɗaya a gaban ƙungiya, wani yana riƙe da agogo, wani kuma ya zama baƙo ya yi maka tambayoyi masu wuya. Matarka za ta faɗa maka gaskiyar da 'yan ƙungiya za su ji nauyin faɗa. Ranar taro ka tsaya a kan ƙafa biyu, ka ja numfashi kafin ka fara, ka yi magana domin tsohuwar da ke layin baya ta ji. Kada ka dogara ga lasifika, janareta yakan mutu a tsakiyar magana. In gwiwa tana rawa, bar ta ta yi, ba ita aka zo ji ba. In kuwa akwai abin da za a iya ɗaukowa a nuna, zangarniyar da tsutsa ta ci, ko wake da ƙwari suka huda, ko kwalbar ruwan da kuke sha, a ɗauko. Gani ya kori ji.

Fushi shi ne abin da na fi jin tsoro a bakin matasanmu. Suna da dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin kai kaya kasuwa ya tashi, alkawarai kuma an sha yi ba a cika ba. Amma wanda ya zagi baƙo a gaban jama'a ya sami tafi, ƙungiya ta rasa ƙofa. Ana iya faɗin magana mai zafi da sanyin murya: "Yallaɓai, bara an rubuta sunayenmu, har yau ba mu ji kome ba." Wannan ya fi zagi shiga jiki, ba kuma wanda zai ce ka yi rashin kunya. In an yi maka tambayar da amsarta ke littafi, juya ka kira magatakarda ya faɗa, kada ka ƙaga. In ka gama roƙonka, ƙara tambaya ɗaya: wa za mu gani, wace rana kuma za mu zo? Sa'an nan ka yi shiru ka jira amsa. Shirun nan yana da nauyi, mutane da yawa sukan cika shi da sabuwar godiya har baƙo ya sami hanyar zamewa.

Duk wannan ba za a koye shi ranar da baƙi suka zo ba. Wurin koyo shi ne taronmu na wata-wata, inda kullum mutum 3 ne suke magana sauran suna gyaɗa kai, sai an fita a yi ta gunaguni a hanya. Na san ƙungiyar da ta watse a kan kuɗin asusu, ba don an ci kuɗin ba, sai don ma'aji, mutumin kirki, bai iya tsayawa ya bayyana shiga da fita a fili ba, ya yi ta kame-kame har zato ya shiga. Na san kuma mata da yawa waɗanda suke bi da sujada a zumuntar mata ba tare da takarda ba, su ne suke auna hatsi, su suka san farashin kowace kasuwa, amma a taron ƙungiya suna bayan ɗaki ba a taɓa ce musu uffan ba. Dattawa, ba raini ba ne in ƙungiya ta aiki mace ko saurayi ya yi magana. Ku zauna a gaba, ku yi gaisuwar, ku ce ga 'yarmu za ta faɗi saƙonmu. Girmanku yana nan, saƙo kuma ya isa.

Abin da muka fara yi a ƙungiyar Baba ke nan, shi da kansa ya kawo shawarar bayan na je na roƙe shi gafara a kan takardar nan ta Turanci. A kowane taro, bayan addu'a da karanta rahoton taron baya, ana kiran mutum 2, mace ɗaya namiji ɗaya, bisa ga jerin sunaye, ba mai tsallakewa. Kowa yana da minti 3 ya faɗi abu ɗaya daga gonarsa, da lamba aƙalla ɗaya a ciki. Magatakarda yana buga murfin tukunya in lokaci ya cika. Daga nan a tambayi wani daga baya ya maimaita abin da ya ji. In ya iya maimaitawa, mai magana ya ci. Baba shi ya fara, murfin tukunya kuwa ya same shi yana cikin gaisuwa, aka yi dariya har da shi. Ya ce a sake sa sunansa a wata mai zuwa.